Minti Goma Sha Ɗaya a Kujerar Sama

Lahadi, 12 ga Fabrairu, bayan sallar asuba

Kai mai buɗe littafin da ba naka ba, tunda ka riga ka leƙa, zauna in ba ka kacici-kacici, kar ka tafi hannu rabbana. Wata tsohuwa ce take zaune da mutum uku a gida ɗaya. Ɗaya ita ta haife shi, amma ba ta kiran sunansa. Ɗaya da guɗa ta tarbe ta ranar da aka kawo ta. Ɗaya kuwa a bayanta ta girma, har fitsari ta taɓa yi mata a zanin Sallah. To a cikin ukun nan, wa ya fara buɗe baki ya ce a riƙa kai tsohuwar kan dutsen ƙanƙara duk ranar Asabar, don a samu a yi abin da za a yi ba idonta?

Kar ka dube ni, ni ma ban sani ba tukuna. In na samo zan rubuta.

Tsohuwar ni ce, Tahiratu, shekara sittin da huɗu in ji fasfo. Wanda na haifa ɗan farina ne, Baban Hairu nake ce masa. Matarsa Mariya, nas ce a asibiti. 'Yarsu Khairunnisa, wato Hairu, dominta aka ɗauko ni daga Kano aka kawo ni nan ƙasar waje, unguwar Morris Heights a Bronx, wai in yi wata shida in ga ta yi ƙwari. Bana shekararta ashirin da biyu.

Ni da Baban Hairu ba ma magana kai tsaye, ban da gaisuwa. Haka aka tashe mu, ɗan fari ba a sakin baki da shi. Da can mijina Malam ne bakinmu, Allah ya jiƙansa. Da Hairu ta iya magana sai ta gaji aikin. Tun tana shekara huɗu take zirga-zirga tsakanin ɗakina da falo: Kaka ta ce, Baba ya ce. Ko maganin hawan jinina ne ya ƙare, ta bakinta yake bi. Ba ta taɓa ɓatar mini da saƙo ba, sai dai ta ƙara masa gishiri.

Farkon Janairu ta shigo ɗakina da hular kwano a hannu, ta ce na shekara ashirin da biyu ina zagin ƙanƙara ta taga, lokaci ya yi da zan je in zage ta ido da ido. Na ce mata ni da na ɗauki tulu a ka tun ina 'yar shekara tara ban taɓa fasa ko ɗaya ba, wane santsi za a nuna mini? Na bi ta don in kunyata ta. Asabar shida ke nan muna shiga bas da duku-duku, awa biyu da rabi zuwa arewa, a ɗaura mini dogayen katakai biyu a ƙafa in yi ta zamiya daga kan tudu. Siki suke ce masa. Kuma ba zan ɓoye ba, na so abin. Na so shi ƙwarai.

Jiya zif ɗin rigar sanyina ya lalace, sai na zari ta Mariya a bayan ƙofa ban tambaya ba. Da azahar a can, ina laluben hankici a aljihu, na ji takarda. Rubutun Mariya ne, na san shi, kamar jerin kiyashi. Turancina na cefane ne, amma lamba ai lamba ce. Kowace Asabar da na yi a kan dutse tana jere, gefen kowacce da adireshin gida, an rubuta ɗaki biyu, ɗaki biyu, ɗaki biyu. Mu huɗu ne a nan, ɗakunanmu uku. An zagaye ɗaya da jan biro, a unguwar St. George. A can ƙasa sunana, da 20 ga Maris, da sunan garin da aka binne cibiyata. Na juya bayan takardar ko akwai ranar dawowa. Fari fat.

Na ninke ta yadda na same ta. Na koma kan tudu na faɗi sau huɗu.

Litinin, 13 ga Fabrairu, hantsi

Mariya ta ga rigarta a inda na rataye. Ina kallonta ta madubin korido, ta sa hannu a aljihu, ta tsaya cik. Ba a yi minti biyar ba sai ga shayi har ɗaki, ya sha madara, har da biskit a faranti. Shekara ashirin da biyu ni nake dafa shayin gidan nan.

Na sha. Shayi bai yi mini laifi ba.

Talata, 14 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na je titin 125 wurin Habsatou. Ƙawata ce, 'yar Maraɗi, tana da teburin turare da man kaɗanya. Ita na fi yi wa fankama da sikin nan, har hotona da hular kwano ta nuna wa masu sayen turare. Ban gama ba ta labari ba ta ce surukata ce, ko tantama babu. Ta ce in je in zaunar da ɗana in tambaye shi. Na ce da wane bakin? Ta ce da wanda nake cin ƙosai. Ita Habsatou tun a filin jirgin Yamai ta ajiye kunyarta, ba ta koma ɗauka ba.

Na gaya mata abin da ban gaya wa kowa ba. Ba Kano nake gudu ba. Autata Shamima tana can, ga jikoki biyar da na sani a fuskar waya kawai, ga kabarin Malam. Da an zo an ce Hajiya, ga hali ga hali, da na yi kukan kwana biyu na fara ɗaure kaya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a gidanmu hanyar magana ɗaya ce, kuma duk Asabar hanyar nan tana zaune kusa da ni tana gyara mini igiyar hula.

A dutsen akwai kujera da aka rataya a igiyar ƙarfe. Tana ɗaukar mutum biyu daga ƙasa ta kai su ƙololuwa, ƙafafu na reto a iska, bishiyoyi a ƙarƙashi. Minti goma sha ɗaya take yi, na duba agogo. Ginshiƙai goma sha tara take wucewa, kowanne da lambarsa a jiki. Ba mai jin ku, kuma ba inda mutum zai gudu sai dai ya yi tsalle. In Hairu ba ta san komai ba, shi ke nan. In ta sani, a nan za ta faɗa. Saura Asabar huɗu a gama darasi. Ba zan tambaye ta ba. Ita za ta kawo mini da kanta, kamar yadda ta saba.

Habsatou ta ce taurin kaina ya fi na jakin mai garuwa. Ta ba ni man zafi na gwiwa.

Asabar, 18 ga Fabrairu, cikin bas, rana na faɗuwa

Rubutu zai karkace, direban yau kamar ba shi da uwa a gida.

Na faɗi sau bakwai. Kwaku, malaminmu, mutumin Kumasi ne da ya tashi a zango, Hausarsa kamar an jiƙa ta an shanya, ya tsaya a kaina ya riƙe ƙugu ya ce Hajiya me ya faru kika koma baya. Gaskiyarsa. Abin da aka fara koya mini ke nan: in gangara ta ba ka tsoro, jikinka baya yake ja, kuma da ka ja baya katakan sun fice daga ƙarƙashinka sun bar ka a zaune. Dole ƙirji ya yi gaba, ƙwauri ya danne harshen takalmi, hannaye a gaba. Sati biyun farko ya yi ta faɗa ban gane ba, har Hairu ta ce ya bari ta gwada. Ta ce, Kaka, yi kamar za ki goya ni. Na lanƙwasa gwiwa, na ɗan duƙa, na kawo hannaye gaba kamar zan ɗaure majanyi. Sai ga ni ina tafiya sumul. Kwaku ya tafa, ya ce zai koya wa Turawa haka in ya samu yadda zai yi musu bayanin majanyi. Tun ranar ban ƙara zama da ƙasa ba sai jefi-jefi.

Yau na duƙa zan yi goyon, bayana ya ƙi.

Sau shida muka hau kujera. Hairu ta ba ni labarin bikin ƙawarta, da shugabarta a ofis mai warin tafarnuwa, da wata kyanwa da take son ɗaukowa. Ta tambaye ni ko ina jin sanyi, ta cire safar hannunta ta murza mini yatsu. Ginshiƙi na goma sha tara ya wuce mu sau shida.

Ba ta faɗa ba. Wataƙila ba ta sani ba.

Laraba, 22 ga Fabrairu, hantsi

Akwatina na ƙarfe da ke saman kabad ya fi shekara goma yana tara ƙura. Yau na ɗaga ido na gan shi yana ƙyalli, kuma wanda ya goge ya mayar da shi a juye, kwaɗon yana kallon bango.

Shamima ta bugo daga Kano. Muna cikin hira ta ce ana fentin ɗakin da ke kusa da nata, wai haka kawai, wane launi na fi so? Na ce baƙi. Ta yi wata dariya mara gindi ta ce layi ba kyau.

Ashe har mai fenti ya riga ni sani.

Juma'a, 24 ga Fabrairu, bayan magariba

Na ce ba zan ƙara faɗuwa sau bakwai a gaban ɗan Kumasi ba. Na sa safa, na goya filo, na riƙe muciya a dama tsintsiyar mofa a hagu, ina juyi a korido daga ƙofar kicin zuwa ta banɗaki. Ina cikin haka Baban Hairu ya dawo aiki. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ni da filo a baya. Maimakon ya tashi ya wuce sai ya zauna a durƙushen yana kallon takalminsa. Ya tambayi gwiwa. Na gaya wa bango cewa gwiwa ta gode Allah. Na ga bakinsa ya buɗe kamar zai kawo wata magana. Sai ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya miƙe.

Shekara arba'in da bakwai, furfura a gemu, kunnuwan Malam sak. Na so in tausaya masa, na fasa.

Asabar, 25 ga Fabrairu, cikin bas

Ashe haushi yana da amfani a ƙafa. Sau ɗaya na faɗi, shi ma wani ƙato ne ya gifta ni.

Da farko ana koya wa mutum ya haɗa bakin katakan ya buɗe gindinsu, haka ake birki, haka ake juyi, kamar agwagwa. Yau Kwaku ya ce na wuce nan, in jera su kamar layin dogo. In zan juya in danna ƙafar da za ta koma ɓangaren gangare, in sassauta wa ɗayar. Wahalar ita ce akwai ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, da dole katakan su kalli ƙasa sak kafin su karkata. Wanda ya yi gaggawar tsallake wannan sai ƙafafunsa su sarƙe. Na sarƙe, na sarƙe, can sai na ji abin ya shiga. Juyi takwas a jere ban tsaya ba, ƙanƙara tana shuu a ƙarƙashina. Kwaku yana bina yana cewa in kalli inda za ni, in daina kallon bishiyar da nake tsoro. Na tambaye shi malamin siki ne ko mai huɗubar Juma'a.

A hawa na uku na ce wa Hairu ta matso in yi mata tatsuniya, wadda ba ta taɓa ji ba, don a nan na ƙirƙire ta. Wata tsohuwar akuya ce, masu ita suka fara kai ta kiwo duk Asabar inda ciyawa ta fi ko'ina laushi. Akuya ta yi ƙiba, ta riƙa yi wa sauran awaki yanga, wai a gidansu an san darajar tsufa. Ba ta san duk ranar da ta fita ana shiga garkenta da igiyar awo ba. Hairu ta yi dariya a wurin yangar. Da na zo kan igiya sai dariyar ta tsaya. Ta tambaye ni da Turanci yaya ta ƙare. Na ce na manta, ita ce mai ƙuruciya, ta ƙarasa mini.

Ta jawo tabarau ta rufe ido. A ginshiƙi na goma sha huɗu muke. Haka muka kai na goma sha tara. Da za mu sauka ta ce in yi hankali, akwai santsi ta hagu.

Ba ta faɗa ba.

Litinin, 27 ga Fabrairu, asuba

Ta sani.

Alhamis, 2 ga Maris, bayan la'asar

Na ce wa Mariya wurin Habsatou za ni. Ni ma ai na iya.

Na hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu har ƙarshen Manhattan, na bi jama'a na shiga jirgin ruwa. Lambar gidan da aka zagaye da ja tana kaina tun ranar, wadda ta haddace izu biyu ba za ta manta lamba uku ba. Wata mata mai tura keken jariri ta nuna mini titin. Ginin jan bulo ne, hawa shida, da 'yan tagogi masu farin baki. Na tsaya a tsallake ina ƙirga su kamar wata ɓarauniya, ban san wacce ce tasu ba.

Unguwar a kan tudu take, titin ya gangara har bakin ruwa. Sai na kama kaina ina lissafin juyi nawa zan yi in da ƙanƙara ta rufe shi. Tara, in ba mota.

Gida ne mai kyau. Iska tana shiga, ana hango ruwa. Da an nuna mini da na sa albarka.

A jirgin dawowa na sayi gyaɗa na kasa ci.

Asabar, 4 ga Maris, azahar, a gida

Ruwan sama tun jiya, an fasa tafiya. Saƙon ya shigo wayar Hairu na riga na sa wando biyu da safa uku. Na fito falo na tarar da mutanen gida a shirye tun ƙarfe shida, shi da sabuwar shadda, ita har da jan baki, ga kwalaye a ninke an cusa bayan kujera, kunnen ɗaya ya leƙo. Hairu ta ce bas ba zai tashi ba. Su biyun suka juya a tare suka kalle ta.

Na zauna a tsakiyar falo na miƙe ƙafa na ce alhamdu lillahi, yau sai a yi hira. Ƙarfe takwas aka ce Baban Hairu zai je sayen burodi. Mariya ta ce za ta raka shi. Burodi nawa ne da sai mutum biyu sun ɗauka? Sun yi awa uku, sun dawo ba burodi.

Hairu aka bari ta yi gadina. Ta ce in yi mata kitso. Awa biyu kanta yana tsakanin gwiwoyina, ina ganin tabon da ke bayan kunnenta na ranar da ta faɗo daga gado tana shekara uku. Na ja gashin fiye da kima, da gangan. Yarinyar da ko tsaga aka yi mata sai ta yi ihu maƙwabta su ji, yau ko motsi.

Ba ta faɗa ba.

Talata, 7 ga Maris, bayan azahar

Kallon nan da suka yi wa Hairu ranar Asabar ya hana ni sakat. Ɗan aike shi yake kallon wanda ya aike shi in abu ya ɓaci. Su ne suka kalle ta.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Alhamis, 9 ga Maris, hantsi

Mariya ta shigo da turmi uku na atamfa, ta durƙusa a bakin gado, ta ce Hajiya akwai wata magana. Na ce mata tun yaushe aka canza hanyar magana a gidan nan ban ji shela ba? Ta fashe da kuka.

"Wallahi Hajiya, ni tun ranar farko na ce a gaya miki."

Na ce ta tashi ta je ta huta, ta kwana a tsaye kan marasa lafiya. Na yarda da ita. Mariya in ta yi ƙarya hancinta zufa yake yi, yau a bushe yake. Na buga wa Habsatou na ce ta faɗi jarrabawa, ba surukar ba ce.

Saura biyu. Ina ta roƙon Allah ya zama wanda ba na kiran sunansa. Uwa tana roƙon laifi ya faɗa kan ɗanta, ka taɓa ji?

Lahadi, 12 ga Maris, bayan sallar asuba

Jiya ce Asabar ta ƙarshe. Ban iya rubutu a bas ba.

Rana ta fito, ƙanƙarar ta yi laushi a ƙasa kamar tuwon da bai nuna ba, a sama kuma ta daskare. Hanyoyin saukowa launi-launi ne. Mai kore ita ce ta koyo, tana zagaye dutsen a hankali, ita nake bi tun Janairu. Mai shuɗi ta fuskar dutsen take saukowa kai tsaye. Kwaku ya ce yau kafin a tashi sai na taka mai shuɗi, ko ya mayar da rigar aikinsa.

Hawa huɗu muka yi muna bin kore, ina ɗumama ƙafa. Hawa huɗu ina zaune ina jira. Hairu ta yi maganar kyanwa. Ta yi maganar azumi da ya ƙarato. Ba ta faɗa ba.

A hawa na biyar, na ƙarshe, muna ginshiƙi na goma sha biyu kujerar ta tsaya, kamar yadda take yi in wani ya faɗi wurin hawa. Muka yi ta reto. Na dubi ginshiƙan da suka rage, bakwai, na san ko saba'in ne ba za ta faɗa ba. Na ce ba zan tambaya ba, na rubuta a littafin nan, na gaya wa Habsatou. To na tambaya.

"Hairu, akwai saƙona a wurinki?"

Ta fara da Turanci. Na ce ta yi mini da harshen da aka goye ta.

"Baba ya ce..." Ta tsaya, ta sake farawa. "Baba ya ce in gaya miki za su koma ƙaramin gida. Ya ce Anti Shamima tana so ki dawo wurinta. Ya ce ki yafe masa."

"Yaushe ya ce?"

"Tun Disamba."

Wata uku saƙona yana bakinta tana taunawa. Ta ce ranar farko ta yi niyyar faɗa a kan kujerar nan, sai na faɗa cikin ragar shinge ƙafafu a sama ina ta dariya har mutane suka taru, ta ce ba ta taɓa ganin haƙoran cikina ba sai ranar. Ta bari sai sati mai zuwa.

"Kullum sai in ce sati mai zuwa, Kaka. Ke kuma kina ta iyawa."

Na yi mata tambaya ɗaya tak bayan wannan, wadda na buɗe littafin nan da ita. Ta amsa. Kujera ta motsa.

Ban yi faɗa ba. Na ce mata majina ta zubo mata, na miƙa mata hankici.

A sama Kwaku yana jiranmu a gindin allo mai shuɗi. Kullum Hairu ce take gaba, ni ina bin sawun katakanta. Na ce masa yau ni ce gaba. Na leƙa, ban ga ƙasan hanyar ba, kamar mutum ya tsaya a bakin soro. Na kai ƙirji gaba, hannaye a gaba, ban goya kowa ba, na saki. Juyin farko da ƙyar na yi shi. Na biyu na ji ƙarfen gefen katako ya kama. A tsakiya akwai inda ya daskare kamar gilashi, katakan suka yi ƙara suna zamewa gefe, jikina ya ce in ja baya, na ƙi. Na danne ƙafar ƙasa har cinyata ta ɗauki wuta. Juyi ashirin da uku na ƙirga. A ƙasa na karkata su a tare na tsaya, ƙanƙara ta watsu a kan wandon wani Bature, na ce masa sori.

Ban faɗi ba. Kwaku ya iso yana ihu da yarensu. Shi ya gaya mini Hairu ta faɗi sau biyu a bayana, ni ban waiwaya ba. A bas na zauna kusa da wata mata da ban sani ba, ta yi ta minshari a kafaɗata har Bronx.

Bayan magariba na fito falo na zauna a kujerar da ke fuskantar Baban Hairu. Ban taɓa zama a nan ba yana wurin. Na dube shi a ido na ce saƙo ya iso. Na ce zan tafi, ashirin ga wata ta yi mini, in fara azumi a gida. Amma kafin nan zai kai ni gidan nan mai jan bulo da kansa, in shiga in sa albarka. Kuma daga yau duk abin da yake da shi ya kawo mini da bakinsa, ni ma zan kai masa nawa. Ya zamo daga kujera ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula. Ban kira sunansa ba, ban kai nan ba. Muryata tana rawa kamar ta amarya, amma ta fita.

Hairu tana tsaye a bakin korido, inda take tsayawa tun tana shekara huɗu. Ba wanda ya ba ta abin kaiwa.

Ɗazu ta ƙwanƙwasa ta ce ko in sha shayi. Na ce na sha. Zan yafe, na san halina, wataƙila a filin jirgi, wataƙila sai bayan Sallah. Yau dai cinyoyina ciwo suke yi, kuma akwai akwatin da zan sauke.

Kai mai leƙe, ga amsarka. Wanda aka haifa saƙo ya bayar kamar yadda ya saba. Wadda aka tarba da guɗa cewa ta yi a faɗa. Wadda ta girma a bayan tsohuwar ce. Hairu ce ta ce a kai ni dutse, ita ta nemo bas, ita ta zaɓi Asabar, kuma ita ta ce wa iyayenta su riƙa fita neman gida da zarar mun tafi.